RUWAN SHA A JAMA'ARE DA KATAGUM: YADDA ZA A GYARA SHI TUN DAGA GIDA

Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga can wajen mafarinsa, daga tsaunukan Jos ya taso. Ya ratso jihar Bauchi ya nufi arewa maso gabas, ya wuce ta gefen garin Jama'are da tsohon garin Katagum, sa'an nan ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwansa ke gamuwa da na kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su gangara tafkin Cadi. Madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganarta tun shekarun 1970 har yau ba a kammala ta ba, saboda haka kogin yana nan da halinsa na tun kaka da kakanni. Da damina ya cika ya batse, ya zo jajawur da laka, ya malale fadamu. Da rani kuwa ya janye, ya bar yashi, har mutanen ƙauyukan bakinsa su riƙa tona rami cikin yashin suna jiran ruwa ya tsattsafo.

Wannan kogi shi ne arzikin manoman shinkafa da masu noman rani da masunta da makiyaya. Amma duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san cewa shekarar da ruwa ya yi yawa ita ce shekarar da ruwan sha ke wuya. A daminar 2024 ambaliya ta kai ga yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Abin da jaridu suka fi nunawa shi ne hanyar da ta karye da gidajen da suka rushe. Akwai kuwa wata ɓarnar da ba ta fitowa a hoto, watau ruwan da ya cika shadduna, ya kwashe kashin mutane da na dabbobi daga bayan gari, ya zuba cikin rijiyoyin da ba su da murfi. Bayan sati ɗaya ko biyu sai a fara jin gidan wane ana amai da gudawa.

Kwalara dai ba baƙuwa ba ce gare mu. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna mai yawa a 1971, ta sake dawowa da ƙarfi a 1991 da 2010. A cikin 2021, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya, watau NCDC, ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 waɗanda ake zaton sun kamu da ita, fiye da 3,600 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Jihar Bauchi ce ta fi kowace jiha yawan masu cutar a wannan shekara, da mutum fiye da 19,000. Ban da kwalara, akwai taifot da atuni da wasu ire-iren shawara, da gudawar yara wadda ba a shelar ta a rediyo, amma tana cin rayuka rani da damina. Dukansu hanyarsu ɗaya ce: daga bayan gidan mai cuta zuwa bakin mai lafiya, kuma ruwa ne babban ɗan aike.

Samar da ruwan famfo da burtsatse haƙƙi ne a kan gwamnati, babu mai sauke mata shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 domin kowa ya sami ruwa mai kyau, shekarun suka zo suka wuce, har yau magidanta da yawa a Azare kurar 'yan garuwa suke jira. To, kafin a cika alkawari, yaro zai ji ƙishirwa yau da azahar, kuma abin da ke cikin randa za a ba shi.

RUWA GARAU

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fitar daga ransa shi ne zaton cewa ruwa in ya yi garau ya kuɓuta daga cuta. Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, ya halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukunci ne na ibada, yana nan daram. Sai dai maganar sha dabam ce, domin ƙwayar kwalara ba ta da launi ko wari, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. A birnin Landan a 1854, wani famfon rijiya a unguwar Soho ya yi suna wajen daɗin ruwa, har waɗansu na aikawa daga nesa a ɗebo musu. Wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa akasarinsu daga wannan famfo suke sha, ya sa hukuma ta cire hannunsa. Mutum fiye da 600 annobar ta kashe. Da aka tona daga baya sai aka tarar da ramin ƙazanta dab da rijiyar yana yoyo cikinta.

Wannan labari ya shafe mu ƙwarai. A cikin gari, inda gidaje suka matsu, sau da yawa rijiyar wannan gida bango ɗaya ya raba ta da shaddar maƙwabci. Ma'aikatan kiwon lafiya suna son a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, shaddar kuma ta kasance a gangare. A ƙasa mai yashi, musamman kusa da fadama inda ruwa ba shi da nisa, ƙazanta ba ta shan wahalar tafiya.

ABIN DA KURKUNU YA KOYA MANA

Dattawa suna tune da kurkunu. Mutum ya sha ruwan kududdufi bana, sai baɗi war haka ƙafarsa ta yi bororo, tsutsa fara mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara leƙowa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Kuma lokacin noma take kwantar da mutum. Da aka yi ƙidaya a 1988, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba a samo mata allura ba, ba a samo ƙwaya ba. Abin da aka gano shi ne 'ya'yan tsutsar suna ɓuya cikin wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa, ƙwaron kuwa ba ya iya ratsa ƙyalle mai ƙananan idanu. Sai aka bi ƙauyuka ana raba matatai, ana haƙa burtsatse, ana hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye yana jan hankalin sarakuna da gwamnoni. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, kuma a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da cutar.

Da kurkunu ya tafi, sai mutane da yawa suka jingine tata. Wannan kuskure ne. A Bangaladash, ƙasar koguna da ambaliya, masana ƙarƙashin Farfesa Rita Colwell sun koya wa matan ƙauyuka 65 su ninka tsohon zanensu huɗu su tace ruwa da shi. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da wajen kashi 48 cikin 100. Dalili kuwa, ƙwayoyin kwalara suna manne wa irin waɗancan ƙananan ƙwari da tarkacen ruwa, in ƙyalle ya tare su ya tare da yawa daga cikin ƙwayoyin. Wani abin mamaki, tsohon zane da ya sha wanki ya fi sabo aiki, domin zarensa ya yi laushi, idanunsa sun matse. Uwargida ta ware farin ƙyallen auduga guda domin wannan aiki kaɗai, ta wanke shi bayan kowace tata, ta shanya a rana. Amma a lura, rage rabi ba kawar da duka ba ne. Tata matakin farko ce.

Haka nan kwantar da ruwa. Gidan da ke da tulu uku, ya zuba ruwan yau a na farko, gobe ya tsiyaye shi a hankali zuwa na biyu, jibi zuwa na uku, a riƙa amfani da na ukun. Kwana biyun nan sun isa laka ta kwanta, ƙwayoyin cuta su ragu, 'ya'yan tsutsar tsargiya kuma su mutu, don ba sa wuce kwana biyu in ba su sami jikin mutum ba. Ita tsargiya ta fata take shiga, shi ya sa yaran da ke wanka a tafki da fadama suka fi yin fitsarin jini, kuma shi ya sa ruwan wanka ma in na kogi ne ya kamata ya kwana.

Wanda ke sauri yana da alif, wanda ake sayarwa a kowace kasuwa. Ana juya ɗan curinsa cikin ruwa na ɗan lokaci a cire, sai a ga laka ta dunƙule ta yi ƙasa. In ya yi yawa ruwan ya yi bauri. Akwai kuma zogale, wanda da wuya ka shiga gida a karkarar nan ba ka tarar da shi a bayan ɗaki ba. Mu ganyensa muka sani a kwaɗo, amma matan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwa da 'ya'yansa, har masana suka bi sawunsu suka tabbatar da abin. Ana ɗaukar 'ya'yan da suka bushe a kan itace, a ɓare, a daka farar ƙwayar ta yi gari, a dama da ruwa kaɗan a girgiza, a zuba cikin bokiti. A motsa da sauri na ɗan lokaci, sa'an nan a hankali, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Ƙwaya ɗaya ga kowace lita ta isa ruwa mai laka sosai. Sai dai ruwan zogale ba ya son ajiya, domin ɗan abin da ya rage na garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Ruwa ya yi fari tas, sai a ce ai an sa alif. Alif da zogale da ƙyalle duk aikinsu share fage ne, ba su ne ke kashe cutar ba. Masu kashewa uku ne: wuta, da sinadarin kulorin, da rana.

Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas, babu ƙwayar cutar ciki da ke tsira daga gare ta. Ba ɗumamawa ake nufi ba. A bar ruwan ya ɓararraka sosai na minti ɗaya, a sauke, a bar shi ya huce cikin tukunyarsa a rufe. In an ji ya yi salam, a sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan kamar yadda mai shayi ke yi, ɗanɗanonsa zai dawo. Matsalarta ɗaya, makamashi. An ƙiyasta cewa lita ɗaya na iya cin kilo ɗaya na itace a murhun duwatsu uku, ga shi arewacin jihar Bauchi na fama da ƙarancin itatuwa, gawayi da gas kuma sun yi tsada. Wanda ya ce wa mai iyali goma sha biyar ya tafasa duk abin da za su sha kullum, bai taɓa sayen itace ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a tafasa na ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya, a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Lokacin annoba kuwa, in babu wata hanya, a tafasa na kowa. Jariri da bai kai wata 6 ba, ba ya bukatar ruwa ko kaɗan, ko da a zafin watan Afrilu, domin nonon uwa ya ishe shi. Ɗan ruwan da kakanni ke ɗura masa don tausayi, shi ne sau da yawa mafarin gudawarsa.

Kulorin shi ne abin da hukumomin ruwa na duniya ke sa wa ruwan famfo fiye da shekara ɗari. Ana samunsa a shagunan magani, na ruwa a kwalba kamar WaterGuard, da na ƙwaya kamar Aquatabs. Ƙarfinsu ya bambanta, saboda haka a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar ko takardar, wanda bai iya karatu ba ya tambayi ma'aikacin asibiti, kada a yi kirdado. Ƙa'idoji biyu dai ba sa sauyawa. A jira minti 30 bayan an zuba kafin a sha. Kuma ruwa mai laka yana cinye ƙarfin maganin, don haka a tace ko a kwantar tukuna. Akwai wani gari na kamfanin P&G da hukumomin agaji kan raba lokacin ambaliya, wanda ya haɗa aikin alif da na kulorin. Ƙunshi ɗaya na lita 10 ne: a motsa minti 5, a bari minti 5, a tace da ƙyalle, a jira minti 20.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne warin magani, har waɗansu na raɗe-raɗin cewa yana da illa. In an bi ƙa'ida ba shi da illa, ɗan warin nan ma shi ne shaidar cewa maganin na nan yana gadi. Wannan kuwa ita ce falalar kulorin a kan tafasawa. Tafasasshen ruwa da zarar ya huce ba shi da mai tsaro, amma mai kulorin yana ci gaba da kashe abin da ya faɗa masa har kwana ɗaya ko fiye. Gaskiya ne akwai wasu ƙwayoyin gudawa masu taurin ɓawo da kulorin ba ya iya musu, sai wuta ko matata mai kyau, amma kwalara da taifot ba sa cikinsu.

Rana kuma kyauta ce, ga ta har ta yi mana yawa. Masana a Jami'ar Amurka da ke Beirut suka fara gwada wannan hanya a shekarun 1980, wata cibiyar binciken ruwa ta ƙasar Suwizalan ta inganta ta. A sami gorar roba fara mai haske, irin ta ruwan kwalba, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cire takardar jikinta, a wanke, a cika ta da ruwa garau, a kwantar da ita a kan rufin kwano awa 6 cikin rana. In akwai hadari, kwana biyu. Hasken rana da zafinta su ke kashe ƙwayoyin. A ganina ranar da hazon hunturu ya rufe sama a ɗauke ta kamar ranar hadari. Gora mai launi ko wadda ta dushe don tsufa ba ta yi. Wannan hanya ta dace da ɗan makaranta da makiyayi da mai wuni a gona, tun da cikin gorar za a sha, hannu bai taɓa ba.

MOƊA

Duk wahalar nan tana iya tashi a banza a bakin randa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa ruwan da aka ɗebo mai kyau daga burtsatse yakan lalace kafin ya kai baki, ko a jarkar mai garuwa wadda cikinta ya yi gansakuka, ko a gida. Ku duba moɗa. Yaro ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba, ya ɗauke ta daga ƙasa, ya zura hannu har gwiwa cikin randa, ya sha, ya mayar da sauran. Baƙo ya zo a ba shi da ita. Ta wuni tana yawo tsakanin baki da ƙasa da ruwa. Randa tana da daɗin sanyi, ba mai cewa a yar da ita, amma faɗin bakinta shi ne aibinta. Tulu mai ƙaramin baki da ake tsiyayawa ya fi ta tsaro, bokiti mai murfi da kan famfo ya fi su duka. Wanda ya riƙe randarsa, ya ɗora ta a kan abu, ya rufe da murfi mai kama baki, ya sami moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a ƙusa, a riƙa ɗiba da ita ana zubawa a kofi, kada kowa ya kafa mata baki. A wanke randar duk bayan kwana biyu ko uku. Guga ma haka, a rataye ta, kada a bar ta da igiyarta cikin caɓin bakin rijiya inda awaki ke tattakawa.

Maigida kada ya ce wannan sha'anin mata ne. Kuɗin kwalbar kulorin da bokiti mai famfo daga aljihunsa za su fito, kuma ba su kai kuɗin ƙarin ruwa leda biyu a asibiti ba, balle kuɗin motar da za ta ɗauko mara lafiya daga ƙauye zuwa Azare cikin dare.

Sa'an nan a tuna cewa ba a kofi kaɗai ruwa ke shiga ciki ba. Ruwan da aka dama fura da shi, da na zoɓo da kunun aya, da wanda aka wanke latas da tumatir, duk sha ne. Ƙanƙara ba ta kashe cuta, adana ta take yi. Ruwan leda kuma a duba lambar NAFDAC da kwanan wata, a wanke bayan ledar kafin a kai baki, don ta bi hannaye da yawa. Akwai kuma abin da tafasawa da kulorin ba sa cirewa, watau takin zamani da maganin feshi da ke zirarewa daga gonakin fadama. Tafasawa ma ƙara kaurin takin take yi. Rijiyar da ke tsakiyar gonar da ake feshi ba ta sha ba ce, jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki kuwa ba ta komawa ta ruwa ko an wanke ta sau nawa.

Rijiyar da ambaliya ta shiga, kada a koma shanta don kawai ruwan ya kwanta. A kwashe ruwan da lakar, a gyara bakin, a nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su zuba mata kulorin mai ƙarfi, kuma ko bayan haka a ci gaba da gyara ruwanta a gida har damina ta wuce. In kuwa duk da haka wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, to kwalara na iya kashe babban mutum cikin awoyi kaɗan saboda ƙarewar ruwan jiki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na ƙunshi wanda ake sayarwa, ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a haɗa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, cikin lita ɗaya ta ruwan da aka gyara. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ko da yana amai, mai shayarwa kada ta daina ba da nono, kuma a kama hanyar asibiti ana ba shi a hanya, ba tare da jiran gari ya waye ba.